Gyambon harshen Baba ya wata uku bai warke ba, Baffa kuma ya hana a taɓa shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ni matar aure ce a Kumo, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu yana da shekara 62, tsohon direban babbar mota ne da ya daɗe yana jigilar hatsi daga Gombe zuwa kudu. Ya sha sigari sama da shekara 30, ya bari shekara 4 da suka wuce, amma sai ya koma sa garin taba da kanwa a baki, har yau kuma bai daina ba. Wata uku ke nan da wani gyambo ya fito masa a gefen harshe na hagu. Da farko ba ya ciwo, muka ɗauka haƙori ne ya gurje shi. Sau uku muna sayen magani a kemis, an kuma ba shi na gargajiya na kurkurar baki, amma sai girma yake yi, gefensa ya yi tauri, yanzu zafin har cikin kunne yake ji, ga wani ɗan ƙululu a wuyansa. Da muka kai shi asibiti a Gombe, likita ya ja ni gefe ya ce yana zargin daji ne, sai an gutsuri naman wurin an kai gwaji. Baffanmu, yayan Baba, ya ce bai yarda ba, daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu, har ya kawo misalin maƙwabcinsa da ya rasu wata biyu bayan an yanka shi. Yau makonmu biyu a gida. Innarmu ta ware wa Baba kofinsa da cokalinsa, shi kuma ba a gaya masa abin da likita ya ce ba. Dakta, tabar ce ta jawo masa? Da gaske ƙarfe yana yaɗa shi? Idan dajin ne, ana warkewa, ko mu bar shi ya huta a gida? Wallahi ba na iya barci.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kansa. Zan fara da abin da ba ya jira, sauran bayani ya biyo baya: ku mayar da Baba wurin likitan nan cikin makon nan, a ɗauki naman a gwada. Mako biyun da kuka yi a gida sun riga sun wuce, ba za mu zauna muna jimaminsu ba, amma kada a ƙara na uku.

Baki yana cikin sassan jiki masu saurin warkewa. Ƙurjin da kan feso wa mutum bayan zazzaɓi, ko inda ya ciji harshensa, ko inda shayi mai zafi ya ƙona shi, yakan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu ko ba a sa masa komai ba. Shi ya sa likitocin baki suke da ƙa'idar cewa duk gyambon da ya haura mako uku ba tare da wani dalili bayyananne ba, sai an bincike shi. Na Baba ya yi wata uku, ya fito a gefen harshe, wanda shi da ƙarƙashin harshe su ne wuraren da sankarar baki ta fi kamawa, gefensa ya yi tauri, ya soma ba tare da ciwo ba, yanzu zafinsa yana harbawa kunne, ga kuma ƙululu a wuya. Ba zan yi miki rufa-rufa ba, idan waɗannan alamomi suka taru a jikin dattijon da ya daɗe da taba, dole hankalin kowane likita ya tafi inda na likitanku ya tafi. Sai dai zargi daban, tabbaci daban. Kaifin karyayyen haƙori yana iya hana gyambo rufewa tsawon watanni, tarin fuka yakan fito a harshe ya kuma kumbura kaluluwar wuya, akwai kuma wasu cututtukan da suke kama da daji a ido alhali maganinsu mai sauƙi ne. Babu likitan da zai rantse da kallo kawai, balle ni da ke karanta wasiƙa. Hanyar rarrabewa ɗaya ce, ita ce kuma wadda Baffa ya hana.

Maganar Baffa nake so in daɗe a kanta, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, kuma tsoron rasa ƙaninsa ne ya sa shi faɗa. Tun muna yara muke jin cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, kuma da wuya ki sami unguwar da ba ta da labarin wani da aka yanka ya mutu. Ban ƙaryata labarin maƙwabcin nan ba, abin da aka fahimta daga cikinsa ne ya kauce hanya. A tambayi Baffa cikin ladabi, wata nawa mutumin ya yi da ciwon kafin a kai shi asibiti? Abin da muke gani kullum shi ne mutum ya shekara yana yawo da ciwo, daga kemis zuwa mai magani, daga mai magani zuwa wanzami, sai ya kasa cin abinci, ya rame, wurin ya soma wari, sannan a ɗauko shi ranga-ranga. A lokacin ciwon ya riga ya ci muƙamuƙi, ya cika wuya, wataƙila ma ya kai huhu. Likita ya gutsuri nama don ya san da me yake fama, bayan 'yan makonni mutumin ya cika, sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi, alhali ƙarfen ya iske aikin gama ya gama. Su kuwa waɗanda suka zo da wuri aka yi musu aiki suka koma gona da kasuwa, ba a jin labarinsu a zaure, domin da yawansu ba sa son a san sun taɓa yin daji. Haka maganar ta ginu a kan waɗanda suka rasu kaɗai, ita ce kuma take sa na gaba ya makara, ya rasu, ya zama sabuwar hujja. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai, saboda baki wuri ne da ake gani da ido, a taɓa da yatsa, ba kamar hanta ko hanji ba da ciwo kan daɗe a ɓoye.

Daji ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suka lalace, suka ƙi daina hayayyafa. Yana cin naman da ke kewaye da shi, yana bin ƙananan magudanan ruwan jiki ya sauka kaluluwar wuya, daga bisani ya bi jini zuwa wurare masu nisa. Wannan tafiya dare da rana yake yin ta, an taɓa shi ko ba a taɓa ba, kuma abin da kawai yake bukata shi ne lokaci. Gwajin nama shi ne matakin farko a ko'ina cikin duniya. Da Masar ko Indiya kuka kai Baba, inda masu hali a cikinmu ke tafiya neman magani, abin da za su fara nema ke nan kafin su rubuta ko ƙwaya ɗaya.

Akwai inda zan goyi bayan Baffa ɗari bisa ɗari, kuma ina so ki gaya masa haka. Lallai akwai ƙarfen da bai kamata ya kusanci wannan ciwo ba, shi ne na sakiya da tsaga da ƙaho. Harshe cike yake da jijiyoyin jini, ƙululun wuya kuma yana kwance kusa da manyan jijiyoyi, don haka duk wanda ya huda su a gida yana iya jawo zubar jinin da ba za a iya tsayarwa ba, ya shigar da ƙwayoyin cuta, ya kuma ɓata wurin ta yadda aikin likita zai ƙara wuya daga baya. Haka nan kada a ƙara ɗora wa gyambon kanwa, ko toka, ko alif, ko dakakkiyar tafarnuwa, ko ƙwayar asfirin, duk ƙona naman suke yi.

Shi gwajin asibitin ƙaramin aiki ne, bai kai cire turmin haƙori wahala ba. Baba zai zauna a kujera, a yi masa allurar kashe zafi a wurin, a yanki ɗan nama kamar ƙwayar wake daga gefen gyambon, inda lafiyayyen nama ya haɗu da mai ciwo, a yi ɗinki biyu ko uku, ya koma Kumo a ranar. Wurin zai ɗan kumbura ya yi zafi kwana biyu ko uku, kuma yana da kyau ku sanar da Baffa wannan tun kafin a yi, kada ya ga kumburin ya ce ga abin da ya faɗa. Za a sa naman a kwalba a kai ɗakin gwaje-gwaje, inda likitan da ya ƙware kan nazarin nama zai duba shi a madubin likita. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya fi haka, saboda haka ku tambayi ranar da za ku dawo, ku riƙe takardar shaida, ku bi sawu da kanku. Ƙululun wuyan ma za a iya zuƙo ɗan abin da ke cikinsa da siririyar allura, sannan a ɗauki hoton wuya da na ƙirji, da hoton kwamfuta da ake kira siti-sikan idan an ga bukata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita shekarun da Baba ya yi yana shan sigari, da yawan garin tabar da yake sawa a yini, da duk abin da ya sha ko ya shafa na gargajiya, da ko yana da ciwon suga ko hawan jini, ko yana shan wani maganin tsinka jini.

Kin tambaya ko tabar ce ta jawo. Idan gwaji ya tabbatar da daji, taba ce kan gaba cikin abin zargi. Kusan tara cikin goma na sankarar baki daga shimfiɗar fatar cikin baki take tsirowa, wato daidai wurin da hayaƙi da ruwan taba suke taɓawa. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai wajen 70 da aka tabbatar suna haddasa daji. Barin sigarin da Baba ya yi babban mataki ne, domin an gano cewa ƙarin haɗarin dajin baki da maƙogwaro yana raguwa da rabi cikin shekara 5 zuwa 10 bayan an daina, a shekara 20 kuma ya kusa komawa irin na wanda bai taɓa sha ba. Inda aka sami matsala shi ne abin da ya maye gurbin sigarin da shi. Dattawanmu da dama suna ganin garin taba bai kai sigari ba tunda babu hayaƙi, har wanda zai ji kunyar kunna kara a gaban jama'a ba ya jin komai ya cusa gari a kunci. To, cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa tabar da ba a kunnawa a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, an kuma ƙirga aƙalla sinadarai 28 masu wannan illa a cikinta. Ga shi ana ajiye ta a gurbi ɗaya na baki, sa'o'i, kullum, shekara da shekaru.

Sauran dalilan ba su shafi Baba sosai ba, amma zan ambace su don masu karatu. Giya tana jawo shi, idan kuma ta haɗu da taba haɗarin ninkawa yake yi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, musamman nau'i na 16, wadda ta fi kama can cikin maƙogwaro da tushen harshe, ita ce kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023 don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Zafin rana yana jawo dajin leɓen ƙasa, musamman ga zabiya. Rashin cin ganye da 'ya'yan itace yana ƙara haɗari. A Indiya da maƙwabtanta wata ƙwaya da suke taunawa da ganye da farar ƙasa ce babbar masifarsu, ita kuwa daban take da goronmu. Akwai kuma waɗanda ciwon ke kamawa ba su taɓa kusantar ko ɗaya daga waɗannan ba.

Roƙona a nan shi ne kada kowa a gidan ya mayar da wannan bayani abin gori. Baba ya soma shan sigari a zamanin da ake tallarsa a rediyo da allunan hanya, yana aikin da ake kwana ana tuƙi. Abin da ake so daga gare shi yau shi ne ya ajiye garin tabar gaba ɗaya, domin wanda ya daina ya fi saurin warkewar ɗinki, magani ya fi yi masa aiki, haɗarin tsirowar wani sabon dajin ma ya ragu. Idan akwai ƙannenki maza da suka soma sigari ko shisha, yanzu ne maganarki za ta shiga kunnensu.

Sai tambayar da na san ita ce ta hana ki barci. Ana warkewa daga sankarar baki, warkewa ta gaske, kuma babu abin da ya kai matakin da aka same ta tasiri a kan haka. Likitoci sun kasa ta mataki huɗu bisa la'akari da girman ƙarin da zurfinsa, da ko ya sauka kaluluwar wuya, da ko ya tsallaka wani sashe mai nisa kamar huhu. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, bai yi zurfi ba, bai kuma taɓa wuya ba, shi ne mataki na 1. Wanda ya haura santimita 4, ko ya shiga kaluluwa, ya kai mataki na 3 ko na 4. A ƙididdigar Amurka ta masu dajin baki da maƙogwaro, idan aka gano ciwon tun bai bar inda ya tsiro ba, damar kaiwa shekara 5 a raye bayan gano shi ta haura kashi 80 cikin 100. Idan ya sauka wuya takan koma wajen kashi 70, idan kuwa ya yi nisa sai ta faɗo kimanin kashi 40 ko ƙasa da haka. Ki lura da abu biyu game da waɗannan alƙaluma. Na farko, na ƙasar da ke da wadatar asibitoci ne, a wurinmu abin bai kai haka kyau ba, kuma babban dalili shi ne yawancin marasa lafiyarmu sai a mataki na 3 ko na 4 suke isowa, wasu kuma su yanke magani a tsakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022, a faɗin duniya, mutum 389,846 ne suka kamu da dajin leɓe da baki, 188,438 kuma suka rasu sanadinsa. Na biyu, shekara 5 ɗin nan ma'auni ne kawai na likitoci, ba wa'adi ba ne da aka ɗebar wa mara lafiya. Ciwon idan zai dawo ya fi dawowa cikin shekara biyun farko, wanda kuwa ya haura biyar lafiya yawanci ya rabu da shi ke nan. Ƙididdiga labarin dubban mutane take bayarwa, ba ta san Baba ba, kwanansa kuma yana hannun Allah.

Kada ƙululun wuyan ya karya miki zuciya tun yanzu. Gyambon da ya ɗauki ƙwayoyin cuta shi kansa yana kumbura kaluluwa, kuma ko da dajin ne ya sauka can, har yanzu ana yin magani da niyyar warkarwa. Abin da ƙululun yake nunawa shi ne babu sauran lokacin jinkiri. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga a 2020 kan nau'in daji bakwai, ciki har da na kai da wuya, ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu wajen fara magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin 100.

Batun a bar shi ya huta a gida, na fahimci tausayi ne ya sa kika faɗa, amma dajin bakin da aka bari ba ya barin mai shi ya huta. Zafi yake ƙaruwa har ya hana barci, harshe ya kafe, haɗiya ta gagara, jini ya riƙa zuba, wari ya sa mutum ya guji jama'a. Ko a inda aka ga ciwo ya wuce warkewa, asibiti yana da abin yi: magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin bisa kulawar likita, gajeren gashi, wato haska wurin da na'ura, don rage ƙarin, da hanyar ciyarwa ta roba idan haɗiya ta gagara. Ta kowace fuska aka duba, zaman gida bai fi masa ba.

Idan sakamako ya nuna daji ne, babban magani shi ne tiyata, a cire ƙarin tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, sau da yawa har da kaluluwar wuyan ɓangaren. Wasu a nan maganinsu yake ƙarewa. Wasu kuma sai an bi su da gashi, wato haska wurin da na'ura kwana biyar a mako har tsawon mako shida ko bakwai, an fi so kuma a fara cikin mako shida bayan tiyata, wani lokaci a haɗa da allurar kashe ƙwayoyin daji. Kafin gashi ana gyara haƙora ko a cire waɗanda suka lalace, domin gashin yana busar da miyau, yana sa baki ya yi ɗanye na ɗan lokaci, yana kuma canja ɗanɗano. Na san abin da dattijo zai fara tambaya shi ne ko zai iya magana, ko zai iya karatun salla. Da yawa daga waɗanda aka cire musu wani yanki na harshe suna komawa magana ana fahimtarsu bayan sun saba, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙarin gwargwadon ƙanƙantar abin da za a yanka. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da likitocin baki da muƙamuƙi da ɗakin nazarin nama, haka ma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Idan an zo gashi ana iya tura ku wata cibiyar, kamar ta Shika a Zariya ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma da yake na'urorin kaɗan ne a ƙasar, ku nemi a sa sunansa a layi tun da wuri, ku kuma tabbatar da ranar kafin ku kama hanya.

Maganin yana cin kuɗi, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Da zarar sakamako ya fito, ku nemi likita ya zayyana muku hanyar gaba ɗaya tun daga tiyata har ƙarshen gashi, ku tara 'yan'uwa a yi lissafi a fili, a naɗa mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗin, ku kuma leƙa sashen walwalar marasa lafiya na asibitin. Fara gashi a yanke a tsakiya yana rage amfaninsa sosai, gara a shirya masa tun farko. Kuɗin da zai tafi wurin masu cewa suna zazzage daji da sassaƙe, shi ne za ku nema ku rasa ranar tiyata.

Yadda za ki bi da Baffa kuwa, ban ba ki shawarar ki tsaya gabansa kina musu ba, ke 'ya ce, kuma idan ya ji an raina shi sai ya ƙara kafewa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko Goggonku, ko limamin unguwa, ko wani aminin Baba, ki ba shi wannan bayani ya isar. Malamanmu sun sha karantar da cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Addu'a da tofi da ruwan Zamzam duk a ci gaba da su, ba su hana gwaji ba. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a roƙi Baffa ya raka ku asibiti a matsayinsa na babba, ya yi wa likita tambayarsa baki da baki. Dattijon da aka ba girmansa aka kuma amsa masa tambaya, sau da yawa shi ne yake komawa mai tsawatar wa masu cewa a zauna gida.

Amma fa a ƙarshe jikin na Baba ne, kuma a nan ina ganin kun yi kuskure, ko da yake da kyakkyawar niyya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya yi wata uku da gyambo, ya ga likita ya ja 'yarsa gefe, ya ga an ware masa kofi, ya ga ana yin shiru idan ya shigo, ya riga ya san akwai magana, shi kaɗai yake ɗauke da tsoronsa. Ba a yi wa baligi mai hankali aiki a harshe ba da yardarsa ba, ba kuma zai bar taba ko ya jure mako bakwai na gashi ba idan bai san dalili ba. Ba sai an faɗa masa komai a zama ɗaya ba. Ki sami lokacin da yake natse, ki ce masa likita bai gamsu da yadda ciwon ya ƙi warkewa ba, yana so ya gwada naman ya san ainihin abin da ke damunsa, sannan ki tambaye shi ko yana so ya ji komai daga bakin likita ko ya fi so a riƙa gaya miki. Ki bar shi ya zaɓa. Kada ki yi mamaki idan ya fi ku duka ƙarfin zuciya.

Ki lallashi Inna ta mayar da kofinsa cikin na kowa. Daji ba ya yaɗuwa ta kofi, ko cokali, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko miyau, kuma wariyar tana yi wa mara lafiya ciwon da ya fi na harshen. Inda za ta fi taimaka masa shi ne madafa, domin wanda ya shiga tiyata da ƙarfinsa ya fi saurin tashi. A ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: kunun gyaɗa da madara, fura da nonon da bai yi tsami ba, dafaffen ƙwai, alale, romon kifi ko na kaza, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, gwanda da ayaba. A cire barkono da yaji da tsamiya, a bar abinci ya huce kafin ya ci, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane ci. Maganin zafi a bar wa likita ya rubuta, kada a sayo masa taramol a kemis. Idan kuwa jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya kasa haɗiye ko da ruwa, kada a jira ranar ganin likita, a wuce da shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Ranar da za ku koma, ku tafi da katinsa, da kwalayen magungunan kemis ɗin nan uku, da ragowar na gargajiyan, ki kuma rubuta tambayoyinki a takarda, domin gaban likita mutum yakan manta. Ki roƙi likitan ya duba har haƙorin da ke kusa da gyambon. Idan sakamako ya fito ki sake rubuto mini, mu duba mataki na gaba tare. Ki gaida Baba da jiki, ki gaida Inna da Baffa.